Kakin Makau Direban Jirgi

A Tungar Gambo, wani ƙauye da ke gefen hanyar Anka zuwa Bukkuyum, in ka tambayi gidan Makau sai a ce da kai wane Makau, don suna da yawa. Amma in ka ce Direba, ko baƙon jiya zai nuna maka ƙofar. Ba wanda ya raɗa masa wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta rigima da mutane a kai har suka gaji suka bar masa. Kuma a yi masa adalci, jirgin ƙasa ya tuƙa na gaske, mai dogo da taragai da ƙararrawa. Sai dai duk tafiyar jirgin daga cikin rami ce zuwa injin niƙa, tazarar da tsohuwa za ta taka ta dawo tuwonta bai huce ba.

Makau ɗan masu jakai ne. Ubansa da jakai ya ci abinci, kakansa ma haka, suna kai gero da itace da tukwane kasuwar Anka, wani lokaci har Gummi. Shi ma a bayan jaki ya girma da sanda a hannu, kuma tun yana yaro ya tsani abin. Ba wahalar ce ta dame shi ba. Abin da ke ci masa rai shi ne mai jaki ko ya yi sallama a majalisa ba wanda ke gyara zama. So yake ya shigo wuri a ɗaga kai a dube shi. Ban da wannan, ba a san wani buri da Makau ya taɓa yi ba.

Da zinare ya bayyana a dajin yankin, jakansa suka koma ɗaukar buhunan dutse daga ramuka zuwa cikin gari. A tsakar gida ake dakawa a lokacin, a turmin da ake surfe, yara na rarrafe a gefe. Ba wanda ya san dutsen nan haɗe yake da dalma. A shekarar 2010 yara suka fara amai da jijjiga suna mutuwa, a Abare, a Sunke, har da Tungar Gambo. Cikin waɗanda aka kai makwanci har da Lirwanu, ɗan farin Makau da matarsa Salamatu, yana da shekara biyu. Likitocin agaji suka zo, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe, aka zubo sabuwa. Aka kafa dokoki biyu, aka bi unguwa-unguwa da lasifika ana nanatawa: kada a sake shigo da dutse gari, kuma duk mai aikin dutse ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida. Makau yana wurin aka faɗa, shi ne ma ya ɗauko wa likitocin benci. Saboda haka kada wani ya zo daga baya ya ce bai sani ba.

Bayan shekara huɗu wani kamfani ya sauka a gindin dutsen da ke gabas da ƙauyen. Sunansa Turanci ne mai tsawo, ba wanda ya wahalar da harshensa, Kamfani kawai ake cewa. Su ba rijiya suka haƙa irin ta mutanen gari ba. Rami suka fasa a kwance ya shige cikin dutsen, suka shimfiɗa siririn dogo daga can ciki har zuwa rumfar injin niƙa. Ran da tirela ta kawo kan jirgin, gari ya tashi kaf ya je kallo. Da aka yaye tamfol sai ga wani abu rawaya, gajere, kamar akwatin ƙarfe a kan ƙafa huɗu, tsawonsa bai wuce na shanu biyu ba. Wata tsohuwa ta tambaya ko ɗan jirgin ne wannan, uwar na tafe.

Wanda ya rako kan jirgin wani dattijon makaniki ne daga wajen Jos, ana ce masa Sharu. Shi ya san tarihin abin, kuma ba ya yi masa kwalliya. Ya ce kan jirgin nan ya girmi Makau. An ƙera shi a wata ƙasa mai sanyi, ya yi shekaru yana jan kwal a ƙarƙashin ƙasa, da ramin ya ƙare aka sayar da shi ga wasu masu haƙa a wata ƙasar, su ma suka more shi suka tura gaba. Kamfani ne ubangidansa na huɗu. In ka kankare fentin rawaya da farce za ka ga kore, ƙarƙashin koren kuma ja. Ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, don hayaƙin inji a rufaffen rami kisa ne. Da batir yake tafiya, wani ƙato da sai da sarƙa ake ɗaga shi. Guda biyu ne, ɗaya na aiki ɗaya na shan caji a jikin janareto, a sauya su da azahar. Tarago biyar yake ja. In dogo ya jiƙe ƙafafun suka fara sulɓi, akwai ɗan akwatin yashi da ake buɗewa ya zuba a kan ƙarfen. Sitiyari kuwa babu shi. Mariƙi ɗaya na tafiya, ɗaya na birki, sai igiyar ƙararrawa, kuma inda dogo ya nufa nan za ka ko kana so ko ba ka so.

Da farko 'yan kabu-kabu aka gwada, tunda su suka saba da inji. Cikin mako biyu suka kayar da taragai sau uku a kwanar da ke bakin rami, don su in hannunsu ya taɓa mariƙi sai sun murɗe shi ƙarshe. Sharu ya ce a nemo masa mai jaki. Ya ce mutumin da ya shekara ashirin yana bin kaya a hankali, wanda ya san yadda nauyi ke tura dabba a gangara, shi zai iya. Haka aka ɗauki Makau. Wato jakan da ya raina su suka ɗora shi a kujerar, amma ko da wasa bai taɓa faɗin wannan ɓangaren ba. A bakinsa, jarrabawa aka yi wa mutum arba'in shi ya zo na ɗaya.

Ya iya aikin, wannan ba gardama. Da kunne yake gane batir ya fara sanyi, tun kafin allurar da ke gabansa ta motsa. Kwanar da ta kunyata 'yan kabu-kabu shi lallaɓa ta yake yi, ya sassauta tun daga nesa, ya saki yashi kaɗan in da raɓa, taragai su bi shi a jere ba ko gargada. Bai taɓa kayar da ko ɗaya ba. Da ya tsaya a nan, da yau labarin wani mutum mai amfani ake bayarwa.

Ranar da ya kama aiki aka ba shi kaki shuɗi mai haɗe riga da wando, da ratsi fari a ƙirji da hannuwa mai walƙiya in rana ta doke shi, da hular kwano rawaya, da takalmi mai ƙarfe a baki. Nan Makau ya ƙare. Ya tsaya gaban gilashin motar manaja yana juyi har sai da direbanta ya yi masa hon.

A bakin ƙofar Kamfani akwai rumfar wanka, da famfo da sabulu da ƙusoshi a jere. Ƙa'idar ita ce in an tashi kowa ya tuɓe kakinsa ya rataye, ya yi wanka, ya sa kayan gida. Ranar Alhamis a haɗa kakin a wanke a can. Masu fasa dutse suna bi, masu loda taragai suna bi. Makau ya bi kwana uku. A rana ta uku ya ratsa kasuwa cikin tsohuwar taguwarsa, sai wata mai fura ta ƙwala masa kira, “Mai jakai!” tana tambaya ko zai kai mata dawa gida. Washegari da aka tashi bai bi ta ƙofa ba. Ya ajiye jirgi a ƙarshen dogo, wajen da ake juye taragai, ya sulale ta ɓarakar wayar da aka kewaye Kamfani da ita, da kakinsa da hularsa. Kuma duk Kamfani ba inda ya kai wurin nan ƙura. Duk taragon da aka kifar, farin gari ke tashi ya sauka a kan wanda ke zaune a gaba, haka tun safe har la'asar.

Daga ranar komawa gida ta zama biki. Miƙaƙƙiyar hanya ba ya bin ta. Sai ya zaga ta tasha, ya zauna a teburin mai shayi, ya tuɓe hular ya ɗora a gwiwa yadda kowa zai gani. Rabe, abokinsa tun na yarinta wanda ya karɓi jakansa ya ci gaba da kai itace kasuwa, ya zama abin ƙyama. In Rabe ya wuce da dabbobinsa ya yi sallama, sai Makau ya amsa a hanci, ya juya ga na kusa da shi ya ce masu jakai dai har yau ba su waye ba. 'Yan kabu-kabu kuwa ba su ƙyale shi ba.

“Direba, yau ina anka nuhwa? Legas ko Kano?”

“Direba, ara muna sitiyari mu je Gummi mu dawo!”

Ya ce hassada ce ke cin su. Da kakin ya je sunan ɗan maƙwabci, da shi ya je ɗaurin aure Bukkuyum. Masallacin Juma'a kaɗai ya tsira, shi ma don liman ya yi magana.

Sharu ya tare shi wata rana suna sauya batir.

“Makau, ƙusarka a rumfa kullum ba komai a kanta. Ina kake kai kakin?”

“Gida nika kai shi, Baba Sharu. Can ya hi tsaro.”

“Kana da ƙaramar yarinya a gidan nan.”

“Ɗakina siminti na, ba ƙasa ba. Kuma ni ba dutse nika dakawa ba, tuƙi nikai.”

Sharu ya dube shi ya ce, “Ƙurar ba ta san kai direba ne ba.”

Makau ya yi dariya kamar an ba shi labarin ban dariya. Sharu ya kai maganar ga manaja, manaja ya tambaya ko taragai na isa injin niƙa a kan lokaci, aka ce suna isa, ya ce to a bar shi zai yi masa magana. Har yau yana nan zai yi.

Yarinyar da Sharu ke nufi ita ce Fiddausi, wadda Allah ya ba su shekara uku bayan rasuwar Lirwanu. Tana da shekara biyu da rabi ta riga ta ishi gidan da surutu. Ta san sunan akuyoyin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, tana kwaikwayon yadda mai manja ke talla, in Salamatu ta yi mata faɗa sai ta riƙe ƙugu ta maimaita mata kalmominta. Da ta ji ƙarar takalmin ubanta a zaure take kwasa da gudu. Makau yana son ta, wannan ma gaskiya ce, kuma ita ta fi ciwo a labarin. Duk ƙauyen ita kaɗai ce ta yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sai ya ɗaga ta ya rungume, ta cusa fuska a ƙirjinsa, ta kama ratsin nan mai walƙiya tana tsotsa. In ya sauke ta sai ya tsaya a ƙofar ɗaki ya kakkaɓe kakin da tafin hannu, ƙurar ta sauka a simintin da yake taƙama da shi, inda ake ajiye mata kwanon tuwo. Wanki kuwa ya hana. Ya ce sabulu na kashe ratsin.

Salamatu mace ce mai haƙuri, amma ta taɓa wanke gawar ɗanta da idonta a buɗe, kuma ba ta manta warin wannan ƙurar ba. Ya so ta riƙa kiransa Direba, ta ƙi, Malam take ce masa yadda ta saba.

“Malam, don Allah don Annabi ka bar kayan ga wurin aiki. Ƙurag ga ita tak kashe muna Lirwanu.”

“Ke mi kinka sani? Waccan ta turminku ta. Wagga ta Kamhwani ta, da inji aka yi.”

“Dutsen dai guda na.”

“To likita. Mijinki ya samu ɗaukaka, ke kaɗai a garin ga ba ki murna.”

“Ina murna. Tuɓe shi dai ko a zaure na, kahin ka ɗauke ta.”

Ya yi kwana biyu yana tuɓewa a zaure. A na uku ya ga ba wanda ke kallonsa a zaure, ya koma yadda yake. Salamatu ta koma share ɗaki sau uku a yini, tana goge simintin da jiƙaƙƙen tsumma, tana wanke hannun yarinyar har fatar ta yi fari. Wata rana yana barcin rana ta ɗauke kakin za ta jiƙa, ya farka ya fizge, ya rantse in ta sake taɓa shi sai ta kwana gidansu. Ta je wajen yayansa ta kai ƙara. Yayan ya zo da niyyar faɗa, aka ɗora masa hular kwano a ka aka ɗauke shi hoto da waya, ya tafi yana murmushi.

A lokacin akwai wata ma'aikaciyar lafiya daga Anka, Malama Zubaida, da ke zagaya ƙauyuka lokaci-lokaci tana ɗibar jinin ƙananan yara a gwada ko gubar ta dawo. Ta zo ƙofar gidan Makau wata Asabar, ta tarar da shi a zaune a dakali cikin kayan sarautarsa. Ta gaishe shi da ladabi ta faɗi abin da ya kawo ta.

“Ɗiyan masu dakan dutse aka gwadawa, Malama,” in ji shi. “Nan gidan ma'aikaci na.”

“Malam, kowa mukan gwada. Kuma kayan ga da ke jikinka, ba wurin aiki aka barin su ba?”

“Ke ma da naki kinka zo,” ya ce, yana nuna farar rigarta. Mutanen da ke zaune suka yi dariya, shi kuma ya ji daɗin kansa har yamma. Salamatu tana bayan ƙofa da yarinyar a goye, ta ji komai, ba ta da ikon fitowa.

Da damina ta faɗi a shekarar 2016, Fiddausi ta fara canzawa. Ta daina cin abinci, cikinta ya ɗaure, ta zama mai kuka ba dalili. Surutun ya ragu har maƙwabta suka fara tambayar ko ta yi tafiya. Salamatu ta ce a kai ta Anka. Makau ya ce baki ne, wai mutane sun sa wa 'yar direba ido, ya je ya karɓo rubutu. Ko a ciwon 'yarsa sai da ya nemo abin da zai ƙara masa girma.

Wata Talata da hantsi, yarinyar na zaune a tabarma sai ta yi amai, idanunta suka juye, jikinta ya sandare ya kama jijjiga. Salamatu ta taɓa ganin wannan, ba ta tsaya tambayar kowa ba. Ta suri yarinyar ta fito titi ba mayafi tana ihu. Rabe ne ke wucewa da jakansa. Ya bar su a tsakiyar hanya da kayansu, ya tare ɗan kabu-kabu, ya ɗora uwa da 'ya ya ce a wuce asibitin Anka kada a tsaya ko'ina. Sannan ya ruga Kamfani da ƙafa. Ya tarar da Makau ya fito daga rami da tarago biyar cike, ya bi gefen dogo yana gudu yana faɗa masa. Fuskar Makau ta canza, hannunsa ya kai kan birki. Amma bai ja ba. Ya ce direba ba ya barin jirgi a tsakiyar hanya, ya kai kayan har injin niƙa, ya jira aka juye, sannan ya sauko.

Likitoci suka ceci ranta. Suka ce gubar da ke jininta ta yi yawa ƙwarai, za ta daɗe tana shan maganin da ke fitar da ita, kuma ba za a mai da ta gida ba sai an gano inda take samun abin. Malama Zubaida ce ta yi wa Makau bayani a ƙofar ɗakin da aka kwantar da yarinyar. Da wani uban ne, in ya ji haka sai ya sunkuyar da kai. Makau ɗagawa ya yi. Ya ce shi ma abin da yake so ke nan, a bincika. Ya ce ya daɗe yana zargin Salamatu na karɓar dakan dutse a ɓoye in ya tafi aiki. In kuma ba ita ba ce, to jakan Rabe ne da ke wucewa ta ƙofar gidansa kullum suna zubar da ƙazanta. Salamatu tana jin sa daga bakin gado, hawaye na zubo mata.

Ran da za a zo awon gidan, shi da kansa ya gayyato mai unguwa da maƙwabta, ya aika aka kira Rabe, don a yi abin a gaban shaidu. Ya nemi izini a wurin aiki, ya dawo da hantsi cikin kakinsa, ya tsaya a tsakar gida ya goya hannu a baya kamar shi ne mai binciken. Salamatu ma ta zo daga asibiti ta bar yarinyar wajen ƙanwarta.

Malama Zubaida ta zo da wani abokin aikinta mai riƙe da na'urar awo, wata aba mai mariƙi kamar babbar tocila. In an dafa bakinta a kan abu, sai lamba ta fito a bayanta, mai riƙon ya faɗa. Aka fara da turmi, bisa umarnin Makau. Ba komai. Aka auna taɓarya, aka auna gindin murhu, aka auna bakin randa da ƙasar tsakar gida kusurwa huɗu. Duk lafiya. Makau ya ce a fita waje a auna inda jakai ke bi. Aka fita, aka auna hanya, aka auna har mangalar Rabe da taguwar da ke jikinsa. Mai na'ura ya girgiza kai ya ce itace dai ake ɗauka da wannan.

Suka dawo ciki. A ƙofar ɗaki mutumin ya durƙusa ya dafa na'urar a tsagin siminti, ya duba, ya sake dafawa. Ya shiga ɗakin ya auna tabarma, ya auna ƙasan ƙusar da ke bango. Ya fito ya nuna wa Malama Zubaida lambar. Ita kuma ta dubi Makau daga hula har takalmi.

“Malam, ka yi haƙuri, tsaya yadda kake.”

Mutumin ya matso ya dafa bakin na'urar a ƙirjin Makau, daidai kan ratsin.  Ya karanta lambar da ƙarfi, sannan ya ce duk ramukan da ya auna a wannan shekarar bai ga wadda ta kai ta ba.

“Na'urag ga ta lalace,” in ji Makau. Muryarsa ta fito siririya.

 Mai unguwa ya dubi ƙasa. Rabe ya juya ya fita, don shi mutum ne mai kunya, ba ya iya kallon irin wannan. Salamatu ce ta matso har gabansa, ita da ba ta taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba.

“Tuɓe shi,” ta ce.

Ya tuɓe. Ya tsaya a gaban mai unguwa da maƙwabtan da shi ya tara, daga shi sai singileti da gajeren wando, ƙafafunsa sirara a cikin ƙaton takalmi. Salamatu ba ta taɓa kakin da hannu ba. Da sanda ta ɗaga shi ta cusa a buhun da Malama Zubaida ta buɗe mata, aka ɗaure baki aka fita da shi.

Aka fasa simintin ɗakin aka kwashe, aka ƙone tabarmar. Kamfani ya toshe ɓarakar waya, ya ba Makau sabon kaki, ya kuma bar shi a kan aikinsa, tunda taragai na isa a kan lokaci. Daga ranar ya zama na farko a rumfar wanka, yana cuɗa jikinsa har ya yi ja, yana yi wa sababbin leburori wa'azi a kan haɗarin ƙura. Suna saurarensa, in ya juya baya su dubi juna.

Fiddausi ta dawo gida bayan makonni. Ta rayu, ta yi tsawo, ta yi kyau irin na uwarta. Amma surutun nan bai dawo ba. Tana jan ƙafar hagu, tana daɗewa tana kallon abu ɗaya, kalmominta ba su wuce na roƙon ruwa da kiran Inna ba. Likitoci sun faɗa tun farko cewa magani na fitar da guba daga jini, amma abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ya gyaruwa duka. Salamatu ba ta bar gidan ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Tana dafa masa abinci, tana amsa gaisuwarsa, iyakar abin ke nan.

A 2019 gwamnati ta hana haƙar ma'adinai a jihar, Kamfani ya naɗe kayansa. Tirela ta zo ta ɗauke kan jirgin zuwa wajen ubangida na biyar, Sharu ya bi shi. Dogon kuwa 'yan gwangwan suka ɓamɓare shi guntu-guntu. Makau ya zauna wata uku a dakali yana jiran a kira shi wani wuri, ba wanda ya kira. Ƙarshe Rabe ne ya ware masa jakai biyu ya ce ya riƙa kai itace Anka, bai kuma haɗa masa da ko kalma ɗaya ta gori ba.

A ƙarshen wannan shekarar sa'o'in Fiddausi suka isa shiga firamare. Salamatu ta yi mata kitso, ta sa mata hijabi sabo, Makau ya riƙe hannunta suka tafi. Layi ne dogo a gindin bishiyar makaranta, iyaye da 'ya'yansu, duk 'yan gari, kowa ya san kowa. Malamin da ke rubuta sunaye baƙo ne, bai daɗe da zuwa ƙauyen ba. Da layi ya zo kansu ya jawo takarda.

“Sunan uba?”

“Makau.”

“Sana'a?”

Mutanen da ke bayansa suka kasa kunne. Bawon itace na maƙale a kafaɗar taguwarsa, jakan Rabe na ɗaure a bakin shingen makaranta inda kowa ke ganinsu.  A hankali Makau ya faɗa, amma wallahi sai da ya faɗa.

“Direban jirgi.”

Malamin ya ɗaga gira, ya rubuta. Sannan ya sunkuyo wajen yarinyar da fara'a.

“Ke kuma 'yammata, mi sunanki?”

Fiddausi ta dube shi tana murmushi, bakinta a ɗan buɗe. Ya sake tambaya a hankali. Ta juya tana kallon biron da ke hannunsa. Ya tambaya karo na uku, yaran da ke layi suka fara leƙowa.

“Hiddausi,” in ji Makau da sauri. “Sunanta Hiddausi.”

Malamin ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya rufe biron ya ajiye a kan takarda.

“Ba kai nit tambaya ba, Direba.”